Matakalar da Ta Fi Ƙarfin Barakatu

A wata makarantar firamare a Utai akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce monita. Tana da hankali, sai dai akwai ta da yawan tunane-tunane. Tana zaune a aji, amma zuciyarta tana can bakin kogin Wudil wajen masunta.

Wata Talata ɗaliban jami'a suka zo daga Wudil. Shugabarsu, Anti Safara'u, ta ce za su yi wa yara wurin wasa.

"Me kuke so a ciki?"

"Kwale-kwale!" in ji monita, ko hannu ba ta ɗaga ba. "Babba, mai matakala, a hau sama a sulalo!"

Anti Safara'u ta buɗe kwamfuta ta zana. Sai ga kwale-kwale shuɗi yana juyawa a hankali, kamar ruwa ne ya ɗauko shi. Sannan ta miƙa wa monita tef irin na tela.

"Ki auna mana 'yan aji ɗaya, daga ƙasa zuwa gwiwa. Da awonki injinmu zai yanka matakalar."

Da aka tashi tara, monita ta zauna a gindin darbejiya ta lumshe ido. Nan take ta hau ruwa a zuciyarta. Tana tuƙi, ƙanwarta Barakatu tana gaba tana taɓa ruwa da yatsa, kifaye na bin su. Ba ta farga ba sai da aka kaɗa ƙararrawa, ko yaro ɗaya ba ta auna ba.

Ta yi maza ta auna tata ƙafar, ta rubuta. "Ƙafa ai ƙafa ce," ta ce a ranta.

Barakatu ce mafi ƙanƙanta a aji ɗaya. Kullum sai ta tambaya, "Yaya, yau jirgin zai zo?"

"Ya kusa. Ke ce za ki fara hawa."

Bayan mako uku aka kawo katakon a mota, aka harhaɗa. Kwale-kwale ya tsaya a fili yana ƙyalli. Barakatu ta ruga, ta ɗaga ƙafa, ba ta kai ba. Ta yi ɗage, ta sake, ina! Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

"Ikon Allah," in ji Anti Safara'u. "Awon da aka ba mu muka sa."

Tausayi da kunya suka rufe monita. Ta matsa kusa da malaminsu, Malam Haladu.

"Malam, laifina ne. Ƙafata na auna."

Anti Safara'u ta dafa ta. "Ƙanwata, kwamfuta ba ta san Barakatu ba. Abin da kika gaya mata shi ta sani."

Malam ya ce ba mai hawa sai an gyara. Ranar monita ta durƙusa a rana ta auna yara talatin da biyu, ɗaya bayan ɗaya. Kwana shida kwale-kwale na tsaye, yara na hararar ta.

A rana ta bakwai sabuwar matakala ta iso. Barakatu ta taka ɗaya, ta taka biyu, har ta kai sama. Da ta kai kuma ta ƙi sulalowa.

"Yaya! Ina hango gidanmu! Ga akuyarmu can!"

Monita ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar ta gane cewa idan an ba ka amanar aiki, ka yi shi da gaske, domin akwai wanda ke jiran sa.