Matar Bature ta Daji

Bature ya cika da la'asar, a ɗakin da aka ware masa shi kaɗai a ƙarshen baranda. Mai yin gawayi ne. Daga dajin bayan Kazage aka kawo shi a kan babur, jiki kamar garwashi, jini na fita ta hanci da dasashi. Tun kafin sakamakon gwaji ya dawo daga Kaduna, ma'aikatan ƙaramin asibitin sun san abin da suke zargi: zazzaɓin Lasa, wanda ɓeraye ke yaɗawa.

Masu jana'iza suka zo cikin kayan kariya suka tafi da shi. Matarsa Karima aka ajiye ta a wani ɗaki ana lura da ita. Abin da ya rage shi ne zanin gado, da rigarsa, da audugar da ta sha jini, duk a ƙulle cikin jajayen ledoji, sai akwatin tsofaffin allurai.

Nas biyu ne a bakin aiki. Huseina, babbarsu, 'yar garin ce. Loveth kuwa daga Kafanchan aka turo ta bara. Mai shara ya riga ya tafi, domin a wannan yanki babu mai son magariba ta same shi a hanya. Huseina ta ce a kulle kayan a sito sai da safe, ba a zuwa juji idan rana ta faɗi. Loveth ta tuna mata cewa siton nan ɓeraye ne ke mulkinsa, kafin asuba za su farke ledojin, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin haihuwa, inda wata mai jego, Susan, ke kwance da jaririyar da ta haifa jiya.

Huseina ta dubi bangon ɗakin haihuwar. Daga baya ta ce to Loveth ta je, amma ta yi sauri, kuma kada ta amsa wa kowa magana a can.

Loveth ta wanke hannu, ta sa takalmin roba, da doguwar rigar kariya, da takunkumi, da tabarau. Ta sa safar hannu ɗaya, ta ɗora wata a kai. A bakin ƙofar baya ta haɗa ruwan kilorin mai kashe ƙwayoyin cuta a bokiti mai famfo da baho don dawowarta, sannan ta loda kayan a baro, da galan na kananzir da ashana.

Ramin ƙona shara yana bayan asibitin, inda gonar masara ta ƙare, daji ya fara. Tayar baron tana kuka, ƙii, ƙii. Daga cikin gari ladan ya ɗaga murya. Tana jin numfashinta yana dawo mata da ɗumi cikin takunkumi, tabarau ya fara yin hazo.

Ta juye ledojin a ramin. Ta zuba kananzir. Sai a lokacin ta lura kwaɗin fadama sun yi tsit.

Wani wari ya ratso takunkumin. Ba na kilorin ba, ba na kananzir ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, irin ta cikin tsohon rami.

A ɗaya gefen ramin, ƙarƙashin kanya, wata mata ce a tsugune, ta lulluɓa da baƙin zane har goshi. Hannunta na cikin ramin, tana kwance bakin wata leda a hankali.

Gargaɗin Huseina ya fita daga kan Loveth. Aikinta ne ya yi magana. Ta ce, "Mama, kada ki taɓa. Akwai ciwo a ciki, yana kisa."

Matar ba ta ɗago ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar ana jan busasshen ganye.

"Rigar mijina nake nema."

Loveth ta ce mata matar mamacin tana can ciki, ita da kanta ta auna mata zafin jiki ɗazu.

"Waccan ta gida ce. Ni ce ta daji."

Loveth ta laluba ashana. Da safar hannu biyu, tsinken ba ya kamuwa. Na farko ya karye. Na biyu ya faɗi cikin ciyawa. Ba ta ga lokacin da matar ta zagayo ramin ba. Ji kawai ta yi an riƙe mata hannun dama.

Sanyi ya ratsa roba biyu har cikin ƙashi.

"Cire wannan abin," in ji matar. "Ina so in ji fatarki."

Akwatin ashanar yana cikin hannun da aka riƙe. Loveth ta zaro tsinke da hagu, ta ƙyasta, ta jefa a ramin.

Wuta ta tashi fuu.

A haskenta ta ga fuskar. Baki ne cike da jar auduga, ana taunawa. Ƙananan idanu baƙaƙe wuluk, babu fari ko kaɗan. Baƙin zanen kuma motsi yake yi tun daga kafaɗa har ƙasa, kamar buhun da aka cika da abu mai rai. Daga ƙarƙashinsa suka fara fitowa.

Ɓeraye. Ba kuka, ba ƙara. Suna zuba kamar hatsi.

Loveth ta soka yatsan hagu a wuyan safar waje, ta fizge hannunta. Robar ta juye ta zauna a hannun matar.

Ta ruga.

Takalmin roba yana mata nauyi. Ganyen masara yana dukan tabarau. A bayanta babu takun mutum, sai wani sur-sur-sur cikin ciyawa, dama da hagu, yana tafiya daidai da ita.

Ta iso ƙofar baya. Ba a sa sakata ba. Turawa ɗaya ta isa. Ta ɗaga hannu.

Daga ciki jaririyar Susan ta yi kuka.

Loveth ta dubi gaban rigarta. Jinin da ya ɗiga daga ledoji ya ɓata ta har gwiwa. Idan ta shiga haka, abin da ta je ƙonawa ne za ta kai musu har gado.

Ta sauke hannun.

Huseina ta ji motsi, ta taho da sauri tana kiran sunanta. Loveth ta ce, da muryar da ita kanta ba ta gane ba, "Anti, sa sakata. Kada ki buɗe sai na ce."

Ƙarfe ya shiga raminsa, ƙaras.

Ta buɗe famfon bokiti. Ruwan kilorin ya zubo a kan safar hannu. Ta cuɗa tafi, da baya, da tsakanin yatsu. Ta zare safar waje ta hagu, ta jefa a kwandon da ke gefe. Ta sake wankewa.

Sur-sur ɗin ya tsaya.

Warin ƙasar nan ya cika wurin.

Ta kai hannu bayan wuya don kwance igiyar riga. Yatsunta suka taɓa wasu yatsu. An riga ta riƙe igiyar.

"Shiga mana," aka raɗa mata a kunne. "Ni ba na shiga da ƙafata. Ɗaukata ake yi."

Loveth ta runtse ido. Ta jingina goshi da bango don kada ta faɗi. Ta bayan ƙofa tana jin Huseina tana karanta Ayatul Kursiyyu. Ita ma ta kama Addu'ar Ubangiji, tana tsallake layi, tana komawa.

Ta ja igiyar. Ta tsinke.

Ta naɗe rigar daga ciki zuwa waje, nesa da jikinta. Ta wanke hannu.

Wani abu ya hau takalminta. Wani ya bi shi.

Ta sunkuya, ta cire tabarau ta baya. Ta wanke hannu.

Takunkumi. Ta wanke hannu.

Numfashi mai sanyi yana sauka a ƙeyarta.

Ta tsoma takalman cikin bahon kilorin, ta zare ƙafa ɗaya, ta taka dakali, ta zare ɗayar. Safar ciki ce ta ƙarshe. Ta juye ta, ta yar. Ta ɗauki sabulu ta wanke hannunta tsirara har gwiwar hannu, tana kuka ba sauti.

Da ta rufe famfon, sai ta ji kwaɗi sun dawo da kukansu.

Ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Anti, buɗe."

Washegari da hantsi suka je ramin su biyu. Komai ya zama toka. Safar hannun nan kaɗai suka tarar a rataye a reshen kanya, a cike tam, yatsu a buɗe, kamar da hannu a ciki. Huseina ta sauko da ita da dogon kara, ta zuba mata kananzir. Ba su faɗa wa kowa irin ƙarar da ta yi a cikin wuta ba.

Sakamakon Bature ya tabbatar da Lasa. Aka sa ido a kan duk wanda ya kusance shi har mako uku, babu wanda ya yi zazzaɓi. Susan ta koma gida da 'yarta lafiya. Karima ma aka sallame ta; da Huseina ta tambaye ta ko mijinta yana da wata matar, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita dai ba za ta sake kwana a gidan nan na bakin daji ba. Aka sare kanyar, aka kewaye ramin da waya, ba a kuma ƙona shara sai rana na tsaka.

Loveth ba ta nemi canjin wurin aiki ba. Har yau tana nan, kuma ita ke koya wa sababbin ma'aikata yadda ake cire kayan kariya. Sai dai ta daina karɓar haihuwa. Duk jaririn da ta ɗora wa hannun dama, ko barci yake yi, sai ya buɗe ido ya ƙura wa bayan kafaɗarta ido, ya fashe da kuka.