Gado Huɗu a Satwa

Wata Lahadi da hantsi, a shekarar 2007, Zeinabou ta kawo ƙara ofishin 'yan sanda. 'Yar Nijar ce da ke aiki a ƙetare, sakatariya a wani kamfanin jigilar kaya. Aka tura ta wurin Sufeto Idris, don shi ke jin Hausa.

"Haya ta tashi, ranka ya daɗe, maigidan ya ba ni kwana uku in fita. Na je neman ƙarin taimakon haya, manaja ya ce dirhami dubu ɗaya da ɗari takwas nake karɓa. Wallahi ɗari uku ake ba ni."

Sufeto ya wuce kamfanin. Manaja Shu'aibu ya yi masa bayani.

"Takardar haya muke dubawa. Mu raba kuɗin gidan a kan mutanen da ke ciki, mu ba ma'aikaci rabin kasonsa. Gidanta dubu uku da ɗari shida ne, kuma takarda ta ce ita kaɗai ce."

"Wa ke miƙa musu kuɗin?"

"Akanta, Ɗalhatu. Hannu da hannu."

A unguwar Satwa, Sufeto ya leƙa gidan da Zeinabou ke haya. Gado huɗu ne, kowane da labulensa. Ke nan kason Zeinabou ɗari tara ne, haƙƙinta ɗari huɗu da hamsin. Ko wannan bai isa hannunta ba.

Da ya koma kamfanin, Ɗalhatu ya tarbe shi da shayi.

"Yallaɓai, ita ta cike takardar da hannunta, a gabana. Duk wata tana ƙirga kuɗinta cif."

Sufeto ya kira Zeinabou, ya ba ta biro ta rubuta sunanta. Ya ajiye takardun biyu a jere.

"Ita makarantar Faransanci ta yi, Zeinabou take rubutawa. A takardarka Zainabu aka rubuta, irin na 'yan Nijeriya. Mutum yana manta rubutun sunansa?"

Ɗalhatu ya ajiye kofin.

"Ni na cike," ya ce. "Ni ma hayata ta ninka."

"Mutum nawa ka yi wa haka?"

"Goma sha ɗaya. Duk 'yan Nijar ne, ba sa karanta Turanci."

Wani kofur da ke tare da Sufeto ya sa masa ankwa. Da aka fito da shi, direbobi da masu lodi sun bar aiki sun tsaya bakin ƙofa. Ɗaya daga cikinsu ya tare Sufeto, ya ce, "Yallaɓai, mu takwas ne a ɗakinmu. Mutum nawa aka rubuta?"