Famfon da Aka Ciro Daga Rami

Kwana uku sitiyarin motar Hilarión Ticona yana gurnani, ga tauri kamar ana murɗa wuyan bijimi. Da la'asar ya kai ta garejin Saturnino, mutumin da ya riƙe masa 'ya ranar baftisma. Saturnino ya duba mai, ya taɓa fanbel, ya shafa tiyo, ya ce famfon sitiyari ne ya mutu. Ya ɗauko wani na hannu ya ɗaura, ya cika jan mai, ya sa shi ya yi ta juya sitiyari dama da hagu har iska ta fita.

"Ina ka samo shi, tsohon ɓarawo?" in ji Hilarión.

"Kai dai in ka kai kwanar gicciye, tsaya ka zuba wa ƙasa barasa."

"Barasar da ni ban sha ba?"

Haka Hilarión yake, a ce masa gabas ya yi yamma. Ya ɗauki matarsa Leocadia da buhunan dankali, suka gangara hanyar kan duwatsu mai zuwa yankin Yungas, dutse a dama, rami a hagu.

Rana na faɗuwa hazo ya rufe hanya. Sai kukan ya dawo. Wannan karon ba na ƙarfe ba ne, nishi ne, irin na wanda aka danne wa ƙirji.

Ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya buɗe mazubin mai. Maimakon ya ragu, ambaliya yake. Ya tsoma yatsa. Kauri. Ƙarni irin na mayanka.

"Lafiya?" in ji Leocadia.

"Lafiya lau."

Ƙarya yake. Amma ya ja mota.

Gicciye tara, alamar waɗanda suka mutu a wurin, suka bayyana a bakin kwana. Bai tsaya ba.

Sitiyari ya fizge hagu.

Ya murɗo dama da iya ƙarfinsa. Wasu hannaye masu sanyi suka sauka kan nasa, suka matse. Yatsa ya karye, ƙas! Na biyu ya bi. Ya take birki, mota ta ci gaba da zamewa. Aka buga goshinsa da sitiyari, jini ya cika masa ido.

Wata murya ta raɗa masa a kunne: "Nan sitiyari ya ƙwace mini. Saki."

Tayar gaba ta hau bakin rami. Tsakuwa na zuba, ba a jin saukarta.

"Leo," ya ce da ƙyar, "kashe inji."

"Me?"

"Inji ke ba famfon ƙarfi! Makulli!"

Ta kai hannu, wani abu ya tsinka mata mari har leɓenta ya fashe. Ta sake kaiwa. Ta murɗa.

Inji ya mutu, famfo ya mutu, hannayen suka saki. Su biyu suka rungume sitiyari, nauyi kamar dutse, suka ja dama. Mota ta daki jikin dutse, dankali ya watse a hanya.

Washegari Saturnino ya zo wurin, ya kasa haɗa ido da kowa. Daga motar fasinjan da ta faɗa ramin nan bara ya sayi famfon. Ya kwance shi, ya ajiye a ƙasa. Ba fanbel, ba mai, amma suna kallo yana juyawa a hankali.

Leocadia ce ta shure shi rami, ta juye kwalbar barasa guda a bayansa.

Yau tsohuwar akori-kura Hilarión ke ja, marar famfo, sai ƙarfin damtse. Direbobi na yi masa dariya. Shi dai sai ya ɗaga musu yatsun nan biyu da ba su ƙara miƙewa ba.