Hantar Da Habibullah Ya Ƙi Ci

Tun da hantsi gidan Alhaji Maje da ke Rijiyar Lemo ya game da ƙamshin suya. Mubina kuwa tana tsugune a bakin murhu tana juya hanta a kasko. Yau saurayinta Habibullah zai zo gaida mahaifinta karo na farko, ga kuma maganar da ta yi wata uku tana ɓoyewa.

"Inna," ta ce da mahaifiyarta a hankali, "da an ɗan haɗa masa da kwaɗon zogale a gefe..."

"Zogale? Surukin mahauci guda a tare shi da ganye sai ka ce akuya? Ke dai Allah ya shirye ki!"

Ai kuwa Mubina ta ci gaba da juya hantar. Gidan nan kaka da kakanni mahauta ne, kuma suna da al'adarsu: duk wanda ya zo neman 'yarsu, uba ne da kansa zai yanki hanta ya miƙa masa. In ya ci, ya zama ɗan gida. Shi kuwa Habibullah, malamin makaranta a Sabon Gari, shekararsa uku rabonsa da nama. Hawan jini ne ya yi ajalin mahaifinsa, shi ma likita ya ce ya rage. Da ya ga kuma yadda ake jibgo shanu a tirela kwana biyu ba ruwa, sai ya haƙura da naman gaba ɗaya.

Ba irin roƙon da ba ta yi masa ba a waya. "Filis, loma ɗaya ce fa, ka runtse ido ka haɗiye!"

"Yau na ci don a ba ni ke, gobe fa? Ba zan fara zama da Baba da ƙarya ba, Mubina."

Bayan la'asar ya iso. Tana laɓe bayan labule ta ga mahaifinta ya yanko hanta, fuskarsa a sake, ya miƙa. Habibullah ya ƙara russunawa.

"Baba, a gafarce ni — ba na cin nama."

"Ba ka cin me?"

"Nama, Baba. Saboda lafiya ne, da kuma..."

"Haram ne?"

"Wallahi halal ne, Baba, ni dai..."

"To hannun mahauci kake ƙyama! Mun san irinku, 'yan boko. Ku so 'ya'yanmu, ku toshe hanci da sana'armu. Tashi ka ba ni wuri!"

Mubina ta zube a bayan labulen tana kuka. Ta san inda abin ya sosa: tun Alhaji yana yaro ake yi masa gorin "ɗan mahauta", har wata mata aka taɓa hana shi saboda haka.

Sati uku gidan ba daɗi. Ta gaida uban, ya amsa a daƙile. Gwaggonninta kuwa abin nema ya samu. "To ranar biki me za a yanka, kabewa?" Su kwashe da shewa, ita kuma ranta kamar ya fita don takaici.

Ran nan ta tare Habibullah a kasuwar Sabon Gari, a rumfar Mama Lucia mai ganye, yana cika leda da alayyahu da ugu hankalinsa kwance. Abin ya ƙara ƙular da ita.

"Au, cefane ma kake yi? Kai da Baba duk kanwar ja ce, taurin kai kamar na jaki! Wato saniya ta fi ni daraja a wurinka?"

"Haba Mubina, ki yi haƙuri..."

"Haƙuri, haƙuri! Shi zan dafa in ci? Kai kana tsammani kai kaɗai ka san tausayin dabba? Mutumin da ka ƙi hantarsa, shekara arba'in bai taɓa wasa wuƙa a gaban dabba ba, bai taɓa yanka wadda ba ta sha ruwa ba. Kullum cikin faɗa yake da mutane a kan haka. In da gaske kake, je ka kwata ka gani da idonka!"

Ta juya ta tafi, ko waige. Shi kuwa ya daɗe a tsaye da leda a hannu.

Ranar Asabar da sassafe ya tafi kwata, inda ake sauke shanu a yanka. Yana isa ya naɗe wando ya ɗauki bokiti, ya shiga shayar da shanun da aka sauke a galabaice. Alhaji ya gan shi, ya ɗauke kai. Wata Asabar ɗin ma haka. Ita Mubina a gida take jin labari, domin kullum uban ya dawo sai ya yi tsaki ya ce, "Ɗan ganyen nan yau ma ya zo." Har Asabar biyar ba abin da ya sauya, ta fara fid da rai.

A ta shida Alhaji ya shigo ya zauna a kan tabarma. Ya dubi Inna ya ce, "Asama'u, a kwaɗa zogale."

Inna ta saki baki. "Zogale kuma, Alhaji?"

"Yau wata saniya ta faɗi, direba ya hau ta da sanda. Kafin in ƙarasa, yaron nan ya riƙe sandar, ya durƙusa cikin kashin shanu har gwiwa yana ɗura mata ruwa. 'Ya'yan cikina sun guji kwata saboda wari. Wanda ya yi wannan ba ya ƙyamar mahauci. Na zalunce shi."

Da la'asar aka kira Habibullah. Mubina na bayan labulen nan dai, ta ga mahaifinta ya sa hannu a akushi, ya dunƙulo lomar zogale ya miƙa.

"Karɓi. Iyayenmu ba hantar suke nufi ba, hannun da ya miƙa ta suke so a girmama."

Habibullah ya karɓa da hannu biyu ya ci, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Amma fa ni ba zan bar tsirena ba!" in ji Alhaji.

"Sai dai ka rage," Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida, "ai kai ma likita ya gaya maka!"

Mubina ta yi dariya tana share hawaye. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, aka ci nama, aka ci alale da dambun zogale, ba wanda ya yi wa wani gori.

Haka abin yake: gaskiya takan yi ɗaci a ranar farko, amma mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Kuma kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ya ƙi ci, ka fara duba abin da ke cikin zuciyarsa.