Haruffa Uku a Saman Allo

Ranar kasuwar Dakoro Hamdiya ta fara shiga shagon Harisu, don ta sa wayarta sharji. A ƙuryar shagon akwai wani tsohon akwatin wasa, dogo kamar firji, wanda ya sayo a mace daga Maraɗi ya tashe shi da hannunsa. Daga wani fim aka ciro wasan: kai ne matuƙin ƙaramin jirgi a tsakiyar taurari, abokan gaba na zubo maka wuta, kana kaucewa kana harbi.

"Mata na bugawa?" ta tambaya.

"Akwatin dai bai taɓa tambaya ba," in ji Harisu, ya miƙa mata jeto, ƙwandalar da ake jefa wa akwatin.

Malamar makaranta ce, amma a Azagor ta tashi, tana korar diloli daga garken mahaifinta da majajjawa. Idon nan yana nan. A bugu na uku ta ture duk samarin garin, har da mai shagon. Akwatin ya nemi haruffa uku, ta rubuta HAM, sunan ya haye saman allo. Harisu kam ranar aka harbo shi da kibiyar so, bai kuma nemi magani ba.

Da la'asar saƙonsa ya iso: "Tauraruwata, samari goma sun gwada, goma sun tahi da kunya. Sunanki na nan bisa."

Ta amsa: "To tsare mani shi, direban sama. Ran da ya sauka, kai ma ka sauka."

Wasa take yi, shi kuwa ya riƙe da gaske. Akwatin yana da cuta guda: wuta na ɗaukewa, ko na ƙiftawar ido ne, sai ya manta kowane suna. Harisu ya sayar da babur ɗinsa, ya ɗora pano biyu na hasken rana a rufi, ya haɗa batir. Yana tafiya a ƙafa yana ƙasaita, sai ka ce shi ya ci wasan.

Da magana ta kai ga mahaifinta, Malam Jimrau mai raƙuma, ya ce ɗiyarsa ba za ta auri mai tara yara suna harbin iska ba. Shi Kamilu yake so, ɗan amininsa mai motar ɗaukar dabbobi. Kamilu ya kwana uku yana zuwa shagon don ya sauke sunan, ko na goma bai kai ba. Da hannu ya gaza sai ya koma baki, ya ce wa Hamdiya ai Harisu ya yi wata budurwa a Kornaka.

Aka yi rashin sa'a iska ta kayar da turakun wuta, ga hadari ya rufe rana. Sau biyu Harisu bai je zance ba. Ran Hamdiya ya ɓaci ƙwarai, ta rubuta: "In ka samu wata ka hwaɗa mani, in san inda na dosa."

"Ki zo shago gobe da sahe, ke da Baba. Ba ni iya barin nan."

Malam Jimrau ya zo ne don a kashe maganar. Suka tarar da shago kamar tanda. Harisu ya kashe fanka, ya sallami masu sharji, ya tattara ɗan abin da ya rage a batir ya ba akwatin. Ya durƙusa ya gaida tsohon, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Hamdiya ta dubi allo, kunya da daɗi suka kama ta lokaci guda.

"Wanga abu in ya mutu, mi ka rasa?" in ji Malam Jimrau.

"Sunanta, Baba. Wata tara ke nan bai sauka ba."

"Ta sake rubutawa mana."

"Tana iyawa. Amma wanga ne ta ba ni amana."

Tsohon ya tuna baya. Shekarar fari shi ma ya taɓa shayar da raƙumar amana da ruwan salkarsa, ya wuni da ƙishi. Bai iya boko ba, sai ya ce a nuna masa sunan. Hamdiya ta ɗora yatsa a layin farko.

"Waɗanga na ƙasa hwa?"

"Maza ne, Baba. Duk Dakoro."

Ya gyara rawani, ya kasa ɓoye murmushi. Ya juyo ga Harisu.

"Tashi, ɗana. Wanda ya yi kiwon suna wata tara bai bar shi ya mutu ba, ya iya riƙon mai sunan. Ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, Azagor da Ɗan Gulbi, garin su Harisu, duk suka hallara. Malam Jimrau ya dafa kawunansu ya ce Allah ya yi albarka, ya ba da zuri'a mai ido irin na uwa da riƙo irin na uba.

Har yau duk ranar kasuwa, in ya gama da raƙuma, sai ya jawo abokansa makiyaya zuwa shagon. Bai san ko maɓalli ɗaya ba. Sandarsa kawai yake ɗagawa ya nuna saman allo.

"Ɗiyata ce nan bisa," yakan ce. "Surukina ke tsaro."