Takalmi a Kan Motar Aradu

Bayan la'asar kaɗan wayar ofishin 'yan sanda na Salaga ta yi ƙara. Kofur Iliasu ya ɗauka, ya saurara, sai ya juyo yana kallon Sufeto Nusrat.

"Madam, Aradu ya faɗi a filin ƙwallo, wurin wasan waƙarsa. Sun ce ba ya numfashi."

Babu wanda bai san Aradu ba daga Salaga har Bawku. Sunansa na yanka Tajudeen, ɗan wani babban malami ne a Yendi. Ya ajiye allo ya kama waƙar da samari ke kira rap metal, wato magana da sauri kamar ana faɗa, da ihu daga maƙoshi, da gita mai ƙara kamar injin niƙa. A waƙoƙinsa ya zagi masu raba wa yara bindiga, ya zagi masu sayar da ƙwaya, har malaman da ke bin 'yan siyasa bai ƙyale ba. An tsine masa a wa'azi, an taɓa jifansa a Savelugu. Amma samari suna sonsa kamar su mutu, kuma su ne Nusrat take tsoro.

Bodin wata babbar motar doya aka mayar dandamalin wasan, janareta na ɗaure a kanta. A kan ƙarfen motar Tajudeen yake kwance, ba takalmi. Nusrat ta durƙusa ta duba. Tafin hannunsa na dama ya ƙone, tafin ƙafafunsa ma haka.

Ihu ya tashi daga bayan motar. Samari ne suka kewaye wata mata mai baƙin hijabi, tana rungume da buta. Har an fasa mata leɓe.

"Ita ce! Mun ga ta zuba masa ruwa a ƙafa kafin ya hau!"

"Ruwan asiri ne daga Yendi!"

Nusrat ta kutsa cikinsu, ta kama hannun matar ta ja ta zuwa mota. Wani dogon saurayi mai jan ƙyalle a goshi ya sha gabanta.

"Madam, ki tafi da ita. Amma ranar da aka ba mu gawa, ko ku ba mu matar nan, ko mu je Yendi mu ƙone gidan ubansa, tsohon da ya tsine masa."

Nusrat ta tura matar cikin mota ta rufe ƙofa.

Kafin ta bar filin ta nemi mai kula da kayan sauti. Wani siriri ne mai suna Suraj, idanunsa sun yi ja.

"Wuta ce ta kashe shi," in ji Nusrat. "Wa ya haɗa makirufo?"

"Ni, Madam. Amma lafiyarsa ƙalau. A gaban kowa na gwada shi."

Ya karɓi wayar wani ya nuna mata bidiyo. Ga Suraj a kan mota, ya riƙe makirufon ƙarfe da hannu, yana cewa "ɗaya, biyu", babu abin da ya same shi. Can sai Aradu ya hau da gudu, ya cafki makirufon, ya ƙame, ya faɗi. Nusrat ta sa aka tura mata bidiyon, Kofur Iliasu ya kwashe wayoyin wuta da makirufon.

A ofis matar ta zauna a ƙasa.

"Sunanki?"

"Asiatu."

"Me ke tsakaninki da shi?"

"Ban san shi ba. Ruwa ya roƙa na ba shi."

"Asiatu, wushiryarku iri ɗaya, goshinku iri ɗaya. Ki gaya mini gaskiya, waɗancan na waje ba za su tambaye ki da baki ba."

Matar ta fashe da kuka. "Yayana ne. Don Allah kada Baaba ya ji na zo."

"Ruwan mene ne a butar?"

Ta sunkuyar da kai. Duk yadda Nusrat ta yi, ba ta ƙara cewa komai ba. A waje wani ya jefi kwanon rufin ofishin da dutse, su duka biyun suka zabura.

Da safe likita ya tabbatar wutar lantarki ce. Kofur Iliasu kuma ya kwance makirufon, ya ga an feɗe waya a ciki an jingina ta da ƙarfen jikinsa.

"To Madam, ya aka yi bai kama Suraj ba?"

Ita ma tambayar da ke damunta ke nan. Ta roƙi likita ya ɗan riƙe gawar, ta bar Iliasu da sauran 'yan sanda su tsare ƙofa, ta kama hanyar Bimbilla zuwa Yendi.

Afa Sadick, kamar yadda ake kiran malamai a can, yana zaune a zaure cikin littattafai. Nusrat ta cire takalmi ta durƙusa ta gaishe shi.

"Afa, a kan maganar ɗanka Tajudeen na zo."

"Ba ni da ɗa mai wannan suna," ya ce, idonsa a kan littafi.

Tana fita wata tsohuwa ta yafito ta daga ƙofar cikin gida. Mma Safura ce, mahaifiyar Tajudeen.

"'Yata, ina Asiatu? Ni na aike ta."

"Da ruwan me, Mma?"

"Ruwan rijiyar gidan nan ne kawai. Ranar da ubansa ya kore shi, na bi shi har tasha na ce, tunda ka ƙi ji, ka yi mini abu ɗaya: kada ka tsaya gaban mutane ka buɗe baki ba tare da alwala ba. Ya riƙe. A ɓoye yake yi, don kada yaransa su ce Aradu ya yi laushi. In wasan na kusa, nakan aika ƙanwarsa da ruwan gida ta zuba masa."

"Shi ya sa ba ya sa takalmi?"

"A zauren ubansa ya tashi. Ba a karatu da takalmi a can. Shi a ransa wannan ihun nasa ma karatu ne." Ta share ido da gefen mayafi. "Mutane na cewa kafiri."

Nusrat ta fito tana haɗa lissafi. Jiƙaƙƙen hannu, jiƙaƙƙiyar ƙafa, a kan ƙarfe. Wanda ya feɗe wayar ya san abin da mutanen gari ba su sani ba.

Wayarta ta yi ƙara. Iliasu ne.

"Madam, sun ƙaru. Wasu sun zo da galan ɗin fetur. Suna cewa an hana Musulmi kabarinsa."

"Ka ce musu gobe. Kada ka buɗe ƙofa ko da wa ya zo."

Daga Yendi ta wuce Bawku, inda Aradu ya fara waƙa, inda kuma matar da suka rabu, Shakira, take da shagon ɗinki. Shingayen sojoji sun cika hanya, kowane shinge sai ta ji kamar rabin rana ya tafi.

Shakira ta tsayar da keken ɗinki, ta dube ta sama da ƙasa.

"In kin zo ki ce ni na kashe shi, to da almakashi zan yi, ba da wuta ba. Mutumin da zai tashe ka da ihu tun asuba wai yana gyara murya!" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

"Wa ya san yana alwala kafin wasa?"

"Ni, da ƙanwarsa, da yaran ƙungiyarsa. Su ma ai ya ɗora musu doka. Babu mai hawa dandamalinsa da takalmi, ko kai waye. Ya taɓa korar mai gita a Bolgatanga saboda silifa."

Ta buɗe wayarta ta nuna tsofaffin bidiyo. Mai ganga, mai gita, Suraj yana jan waya, kowa ƙafa a ƙasa. A wani tsohon bidiyo akwai wani mai ganga daban, kamarsu ɗaya da Suraj.

"Wannan fa?"

"Nazif ne, ƙanin Suraj. Lokacin da Tajudeen ya saki waƙar masu raba bindiga, shi aka zo nema ba a same shi ba, aka samu Nazif a hanyar kasuwa. Dukan da aka yi masa bai tashi ba." Shakira ta rage murya. "Sai Tajudeen ya ƙara baiti a waƙar, yana kiran sunan Nazif da ihu. Uwarsu tana nan bayan layin nan. Duk wayar da ta wuce da waƙar sai ta fito da gudu tana neman ɗanta."

Nusrat ta ciro wayarta ta sake kunna bidiyon Salaga. Wannan karon ba hannun Suraj ta kalla ba, ƙafarsa ta kalla. Dogon takalmin roba ne irin na manoman doya, sabo fil, ga shi ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba ranar.

Washegari da hantsi ta iso Salaga. Taron ya cika bakin ofis, warin fetur na tashi. Ta hango Suraj a cikinsu, a gaba ma yake. Ta sa Iliasu ya kira shi ciki, wai zai karɓi kayan sautinsa.

"Suraj, tun yaushe kake aiki da Aradu?"

"Tun Bawku, Madam."

"Ka taɓa hawa dandamalinsa da takalmi?"

Ya ce, "Ƙafata ce ke ciwo ranar."

"Cire silifarka mu gani."

Bai motsa ba. Iliasu ya shigo da takalmin robar, a ƙarƙashin kujerar direban motar doya ya samo shi. Nusrat ta ajiye shi a kan tebur kusa da makirufon.

"Ka san wuta na jikin ƙarfen nan. Ka san roba za ta tsare ka. Ka kuma san zai hau da ruwan alwala a hannu da ƙafa. Ka tsaya kana kallo ana fasa wa ƙanwarsa baki."

Suraj ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Na roƙe shi, Madam. Na durƙusa masa na ce ya cire sunan Nazif, uwarmu ta haukace. Ya ce sunan ba namu ba ne yanzu, na jama'a ne. Kuma ni ne mai ƙara masa sauti duk sanda zai kira shi. Da hannuna nake murɗawa." Ya rufe fuska. "Ban san Asiatu za ta zo ba. Wallahi ban sani ba."

Nusrat ta fita bakin ƙofa. Ta kira dogon saurayin nan mai jan ƙyalle, ta miƙa masa wayar.

"Kai ka fi ni sanin wasan Aradu. Kalli ƙafar mai gwada makirufo."

Ya kalla, ya sake kalla. Fuskarsa ta sauya. Wayar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, surutun na mutuwa.

"To ruwan fa?" wani ya tambaya daga baya.

"Alwala ya yi," in ji Nusrat. "Kullum sai ya yi kafin ya hau. Uwarsa ce ta aiko masa da ruwan rijiyar gidansu."

Wanda ke riƙe da galan ya ajiye shi a hankali.

Ba ta jira su farfaɗo ba. Tun kafin ta fito ta sa an juya mota a ƙofar baya. Iliasu ya fito da Suraj da ankwa, aka tura shi ciki, motar ta ɗauki hanyar Tamale.

Da Nusrat ta koma ta buɗe wa Asiatu, sai ta tarar da wani tsoho tsaye a bakin kanta, ƙurar hanya a rigarsa, farin yadi a hammatarsa. Afa Sadick ne. Asiatu ta ja da baya ta manne da bango.

Tsohon ya dubi leɓenta da ya kumbura, ya dubi butar da ke kan tebur.

"Akwai sauran ruwa a ciki?"

"Akwai kaɗan, Baaba."

"Ɗauko. Da shi zan fara yi wa ɗana wanka."