Masu Jan Furen Bado

Shekarar da fara ta cinye geron Adar, yayata Sauda ta aike ni ɗiban ruwa tabki gab da magariba. Ni ne Attahiru, wanda ya tsere daga makarantar lakwal ta Tawa bayan ya saka wa malami kwaɗo a hula. Duk ƙasar Affala an san ni. Ni ne mai ɓuya cikin kaba in yi kukan aljani, mata su zubar da tuluna su ruga. Sau bakwai na yi, sau bakwai suka ruga.

Wannan shekarar kuwa ba mai ƙarfin gudu. Rumbuna wayam. Bado kaɗai ya rage wa garinmu, ya rufe tabki da fure fari fat. Shi bado, in furensa ya kwana biyu sai ya nutse, 'ya'yan su nuna a ƙarƙashin ruwa. Sannan mata su lalubo su da ƙafa, a shanya, a daka, a yi tuwo. Tun kakanni doka guda ce: muddin da fure a sama, ba a shiga, ba a tsinka.

Sauda na goye da ɗiyarta Aminata, wadda ko kuka ta daina. Ta ce, "Kwana goma ya rage bado ya nuna mu ci. Don Allah ka tsaya bakin gaɓa."

Na ce, "Yaya, aljanin tabkin ga ai ni ne."

A bakin ruwa na iske Inna Lalla, tsohuwar da ke gadin tabkin, tana shirin tafiya. Ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, masu ja suna aiki. Cika tulunka ka wuce."

"Masu jan mi, Inna?"

Ta ɗauki sandarta ta yi gaba.

Ni dai fure guda nake so. In soke shi a hula, in shiga dandali da shi, a shekara ana zancena.

Na ajiye tulu. Na shiga.

Ruwa a gwiwa. Ruwa a ƙugu. Warin taɓo, da wani ƙamshi mai sa amai. Kwaɗi na ta kuka. Na kama fure na fizga.

Ɗas.

Kwaɗin suka yi tsit.

Can gabana wani fure ya nutse, zuruf, kamar an finciko shi daga ƙasa. Sai na kusa da shi. Sai na kusa da wannan. Layin yana tahowa wajena.

Wani abu mai sanyi ya riƙe idon sawuna. Yatsu ne. Ba su matse ba. Latsawa suke a hankali, yadda mace ke latsa ɗan bado.

Kumfa ta taso, da murya a ciki.

"Wanga bai nuna ba."

Wata ta amsa, "A ja shi ya nuna."

Daga cikin kaba sai kuka ya tashi. Kukan aljanina ne. Har da ɗan tarin da nakan yi a ƙarshe.

Ruwa a ƙirji.

Ruwa a wuya.

Na buɗe baki in yi salati, taɓo ya cika shi.

"Riƙe, ɗan banza!"

Sandar Inna Lalla ce. Na cafke. Ta ja, suka ja. Sai kawai suka saki. Na kife bakin gaɓa ina amai, furen na hannuna har yanzu.

Ba ta dube ni ba. Ruwan take kallo, inda furannin da suka nutse ke tasowa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Sun bar aikin."

Ko guda bai sake nutsewa ba. Suka tsaya a rana har suka bushe. Mata suka lalube taɓo kwana uku, suka fito hannu wofi. Ranar shida muka binne Aminata. Sauda ba ta zage ni ba. Ta bi masu tafiya kudu, ban ƙara jin muryarta ba.

Tabkin na nan. Duk ƙarshen damina yakan yi fure guda, daidai inda na tsaya. Kwanakin nan ƙafata takan yi sanyi, in ji yatsu suna latsa ta a hankali, ana dubawa ko na nuna.